Monte Kalo: Yadda Masana Kimiyya Ke Jefa Ƙuri'a Su Samu Amsar Gaskiya

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma masu cewa sun fi gane abu idan sun karanta da idonsu.

Maganarmu ta yau a kan wata dabara ce ta lissafi wadda idan aka fara gaya maka ita za ka ɗauka wasa ake yi. Masana kimiyyar fiziks, mutanen da aka sani da ƙwaƙƙwafi da son a auna komai daidai, su ne kuma suke sa manyan kwamfutoci suna jefa ƙuri'a dare da rana, sau miliyan, sau biliyan, daga nan su fito su ce ga amsa. Kuma amsar ta zama daidai. Da wannan dabarar ake lissafa kaurin bangon da zai tare tururin nukiliya, da ita ake auna yawan hasken da za a harba wa mai cutar daji ba tare da an ƙona masa lafiyayyen nama ba. Sunanta Monte Kalo, kuma an haife ta ne a wurin ƙera bam.

Mu fara daga kasuwa

Duk wanda ya taɓa raka wani sayen hatsi a babbar kasuwa irin Dawanau ya san ba a zazzage buhu a duba ƙwaya ɗaya bayan ɗaya. Mai saye zai soki buhun ta sama, ya soke shi ta tsakiya, ya soke shi ta ƙasa, ya duba abin da ya fito a tafin hannunsa. Idan a cikin ƙwaya 100 ya ga guda 5 da ƙwari suka huda, ya riga ya san halin buhun gaba ɗaya. Haka uwar gida take yi da miya: ta juya tukunya, ta ɗanɗana kaɗan, ta san ko gishiri ya ji. Amma ku lura da juyawar nan. Idan ba ta juya ba, abin da ta ɗanɗana ba zai wakilci tukunyar ba. Shi ma mai sayen hatsi, idan bakin buhu kawai ya duba, alhali an zuba mai kyau a sama, an cuce shi. Sharaɗin ɗaya ne: kowace ƙwaya ta samu dama daidai da 'yar'uwarta ta faɗo hannunka.

To yanzu mu kai wannan cikin lissafi. Ka zana murabba'i a tsakar gida, kowane gefe mita 2. A cikinsa ka zana da'ira wadda ta taɓa gefunan nan huɗu. Girman filin murabba'in shi ne 2 sau 2, wato 4. Girman filin da'irar kuwa, tunda daga tsakiyarta zuwa bakinta mita 1 ne, shi ne daidai lambar nan π da aka sa mu haddace a sakandare. A ce ka manta nawa ce. Sai yayyafi ya fara, ka tsaya ka ƙirga ɗigo 1,000 na farko da suka faɗa cikin murabba'in. Ruwan sama bai san ka zana da'ira ba, ko'ina zuba yake. Za ka tarar kimanin ɗigo 785 sun faɗa cikin da'irar, sauran sun faɗa a kusurwoyi. Raba 785 da 1,000, ka ninka da 4, me ka samu? 3.14. Ba ka auna komai ba, ƙirga kawai ka yi. Wannan shi ne Monte Kalo a taƙaice: ka mayar da tambayarka wasan ƙuri'a, ka buga wasan sau da yawa, ka ƙirga sakamako.

Tunanin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1777 wani masani ɗan Faransa mai suna Buffon ya wallafa lissafin jefa allura a kan daɓe mai layuka, ya nuna cewa yawan lokutan da allurar ke gitta layi yana da alaƙa da π. A 1901 wani ɗan Italiya, Mario Lazzarini, ya ce ya jefa allura sau 3,408 ya samu 3.1415929, wadda ta dace da π har lamba shida bayan ɗigo. Masana da suka zo daga baya sun ce anya kuwa, domin gwaji 3,408 ya yi kaɗan ƙwarai ya ba da irin wannan daidaito. Zargin da ake yi shi ne ya tsaya ne a daidai inda amsar ta yi masa daɗi. Ku riƙe wannan: a wannan harkar, kafin ka fara kake yanke sau nawa za ka jefa.

Mai jinya da karta

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, bayan Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. An tsara bama-baman ne a Los Alamos, wata cibiyar sirri a jihar New Mexico, kuma ƙarewar yaƙi ba ta sa an rufe wurin ba. Cikin masanan da suka yi aiki a can akwai Stanislaw Ulam, masanin lissafi ɗan asalin Polan. A 1946 an yi masa tiyatar gaggawa a kai saboda kumburin ƙwaƙwalwa. Yana jinya, ba abin yi, sai ya riƙa buga irin wasan kartar nan da mutum ke yi shi kaɗai. Sai tambaya ta faɗo masa: a cikin wasa 100, sau nawa mutum zai ci?

Ya gwada lissafawa da alƙalami, abin ya gagara. Karta 52 ce, kuma hanyoyin da za a iya jera su sun kai 8 da sifili 67 a bayanta. Sai ya ce, to me zai hana in buga wasan sau 100 kawai in ƙirga sau nawa na ci? Nan take ya ga cewa matsalar da ke damunsu a Los Alamos irin wannan ce sak. Ya kai maganar wurin abokinsa John von Neumann, ɗan asalin Hangare, wanda a lokacin yake cikin 'yan tsirarun mutanen da suka san abin da kwamfuta za ta iya. A watan Maris na 1947 von Neumann ya rubuta cikakken tsarin yadda za a yi lissafin a kan na'ura.

Sunan kuma daga abokin aikinsu Nicholas Metropolis ya fito. Ulam yana da wani kawu da ke aron kuɗi wurin dangi ya tafi gidan cacar Monte Kalo da ke Monako. Aikin na sirri ne, ana buƙatar laƙabi, sai aka ce a kira shi Monte Kalo. Sunan ya zauna har yau.

Rayuwar niyutiron guda ɗaya

Wace matsala ce ke damunsu? A tsakiyar kowace ƙwayar zarra akwai ƙullutu, a cikin ƙullutun akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutiron. Idan niyutiron guda yana gudu a cikin dunƙulen yuraniyom, zai yi tafiya kaɗan ya ci karo da wani ƙullutu. Daga nan ɗaya cikin abubuwa uku zai faru. Ko dai ya yi tsalle ya canza hanya, ko ƙullutun ya haɗiye shi labarinsa ya ƙare, ko kuma ƙullutun ya tsage biyu ya saki zafi tare da sababbin niyutiron biyu ko uku. Idan kuma ya kai bakin dunƙulen bai gamu da kowa ba, ya fice ke nan.

Abin da ya kamata ku gane shi ne, babu wanda zai iya faɗin abin da niyutiron guda zai yi. Haka dokar halittar ƙananan abubuwan nan take: abin da ake iya sani shi ne yiwuwar kowane sakamako, kuma ana auna ta a ɗakin gwaji. To tunda abin ƙuri'a ne tun asali, sai a kwaikwaye shi da ƙuri'a. A matsayin misali kawai, ɗauki dayis ɗin ludo. Jifa na farko ya faɗa maka nisan da niyutiron zai yi. Jifa na biyu, idan 1 ko 2 ko 3 ta fito ya yi tsalle, idan 4 ce an haɗiye shi, idan 5 ko 6 ce ƙullutu ya tsage. Wani jifan kuma ya nuna ɓangaren da zai nufa. Ka bi shi har ya mutu ko ya fice, ka bi 'ya'yansa, sannan ka ɗauko wani. Bayan dubbai, sai ka ƙirga.

Lambar da ake nema ita ce: kowane niyutiron, nawa yake bari a bayansa? Idan 1,000 suka bar 990, wutar mutuwa za ta yi. Idan suka bar 1,000 cif, wutar za ta ci gaba a natse, kuma haka ake so a tashar lantarki ta nukiliya. Idan suka bar 1,010, ƙarin kashi 1 cikin 100 kacal, bayan zuriya 70 yawansu ya ninka biyu. A cikin bam kuwa kowace zuriya kusan ninkawa take, kuma zuriya kimanin 80 suna wucewa a cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. Kun ga dalilin da ya sa ba a wasa da wannan lambar, kuma ba abu ba ne da za a ce bari mu gwada da hannu mu gani.

An fara gudanar da wannan lissafi a 1948 a kan ENIAC, kwamfutar da ta cika ɗaki guda, nauyinta kusan tan 30, tana aiki da kwalaben lantarki sama da 17,000. Kowane niyutiron katin kwali guda ne mai huji-huji, ɗauke da inda yake da saurinsa da inda ya dosa. Wadda ta rubuta umarnin da na'urar ta bi ita ce Klara von Neumann, matar John. A 1949 Metropolis da Ulam suka wallafa dabarar a fili. Shi kuwa Enrico Fermi, masanin nan ɗan Italiya, tun shekarun 1930 a birnin Rum yana irin wannan lissafi da ƙaramar na'urar hannu, bai dai wallafa ba.

Kada mu ɓoye gaskiya: waɗannan lissafe-lissafen farko na makamai ne. Shi kansa Ulam, tare da Edward Teller, su suka fito da tsarin bam ɗin haidirojin a 1951, wanda Amurka ta gwada a watan Nuwamba na 1952. Dabarar da yau take taimakon marasa lafiya daga wannan gidan ta fito.

Me zai hana a yi lissafin kai tsaye?

Na san wani zai ce, to ai wannan aikin malalaci ne, me ya sa ba za a zauna a warware lissafin daidai ba? Tambaya ce mai kyau, domin Monte Kalo tana da rauni babba: tana da nawa wajen kaiwa ga daidai. A misalinmu na ruwan sama, da ɗigo 100 amsarka za ta iya kaucewa da kimanin 0.16. Da ɗigo 10,000 kaucewar ta koma 0.016. Da ɗigo miliyan ɗaya, 0.0016. Wato duk lokacin da kake son kuskure ya ragu sau 10, sai ka ninka aiki sau 100. Saboda haka ba mai hankalin da zai nemi π ta wannan hanyar da gaske, akwai hanyoyin da suka fi ta sauri ƙwarai.

Inda take nuna bajintarta shi ne idan abubuwa suka yi yawa. A ce ƙuda guda yana yawo a ɗakinka. Don ka faɗi inda yake kana buƙatar lamba uku: tsawo, faɗi, da bisa. Idan ka raba kowanne gida 10, kana da gurbi 1,000 da za ka duba. Ƙudaje biyu, 1,000 sau 1,000, miliyan ɗaya. Idan ƙwayoyin zarra 100 ne kake bi, yawan yanayin da za ka duba ya zama 1 da sifili 300 a bayanta. Ƙwayoyin zarran da ke cikin duk sararin samaniyar da ake iya hangowa an ƙiyasta su a kan kimanin 1 da sifili 80. Babu kwamfutar da za ta bi wannan ɗaya bayan ɗaya, ko yau ko gobe. Ita kuwa Monte Kalo ba ruwanta da yawan gurabun, dokarta ɗaya ce a ko'ina: ninka gwaji sau 100, kuskure ya ragu sau 10. Buhu ƙarami ne ko rumbu guda, idan an gauraya da kyau, abin da ka ɗiba zai faɗa maka gaskiya.

Dabarar 1953

Sai dai akwai inda ɗiba kan mai uwa da wabi ba ya aiki. Ɗauki tire ka ce za ka watsa kwabbai 224 a kai, wurin a matse, kuma doka ita ce kada wani ya hau kan wani. Ko sau nawa ka watsa, kusan kullum sai ka samu biyu sun hau juna, gwajin ya tashi a banza. Haka ƙwayoyin ruwa suke, a cunkushe.

A 1953 mutum biyar a Los Alamos suka wallafa mafita: Metropolis, da Marshall Rosenbluth da matarsa Arianna, da Edward Teller da matarsa Augusta. Faya-faye 224 ɗin nan su suka yi gwaji da su, a kan kwamfuta mai suna MANIAC. Ga yadda abin yake. Ka fara da jeri mai kyau. Ka zaɓi ƙwaya ɗaya ka ɗan gusa ta, ƙuri'a ce za ta faɗi ina da kuma nawa. Idan ta hau kan wata, a mayar da ita. Idan gusawar ta rage kuzarin da ke tsakanin ƙwayoyin, a karɓa. Idan ta ƙara kuzarin, sai a sake jefa ƙuri'a: ƙarin kaɗan ne ko abin yana da zafi, to akwai yiwuwar karɓa sosai, ƙarin mai yawa ne ko abin yana da sanyi, da wuya a karɓa. Idan an ƙi, a sake ƙirga tsohon jerin a matsayin mataki guda. A yi ta maimaitawa.

Me ya sa ake yarda da hawa sama wani lokaci? Ka yi tunanin mutum yana yawo da dare a ƙasa mai tuddai da kwaruruka. Idan ya rantse ba zai taɓa taka tudu ba, ramin farko da ya faɗa a nan zai kwana, alhali babban kwari yana bayan tudun da ke gabansa. Zafi shi ne ke ba ƙwayoyin zarra ƙarfin haura irin waɗannan tuddai. Abin burgewar shi ne an tabbatar da lissafi cewa idan aka bi wannan doka tsawon lokaci, yawan zaman da kwamfuta za ta yi a kowane yanayi zai yi daidai da yadda abin yake yi a zahiri a wannan ma'aunin zafi. Da haka ake nazarin narkewar abu da daskarewarsa, da yadda ƙarfe ke rasa maganaɗisunsa idan ya yi zafi. A shekarar 2000 wata mujallar kimiyyar kwamfuta ta sa wannan dabara cikin manyan dabarun lissafi goma na ƙarni na 20.

'Yan mata masu bibiyarmu, ku ji wannan. Sunan Metropolis aka laƙaba wa dabarar saboda shi ne farko a jerin marubuta, amma wadda ta zauna ta rubuta umarnin kwamfutar ita ce Arianna Rosenbluth, wadda ta samu digirin digirgir a fiziks daga Jami'ar Harvard a 1949. Ta rasu a watan Disamba na 2020.

Ina kwamfuta ke samo ƙuri'a?

Nan akwai abin dariya. Kwamfuta ba ta san ganganci ba, abin da aka umarce ta shi take yi. To ta yaya za ta jefa ƙuri'a? Amsar ita ce kwaikwayo take. Von Neumann ya kawo wata hanya mai sauƙi: ɗauki lamba, ninka ta da kanta, ciro tsakiyar. Misali 1234 sau 1234 ya ba da 01522756, tsakiyar ita ce 5227. Sai 5227 sau 5227 ya ba da 27321529, tsakiyar 3215. Haka za ka yi ta tafiya, lambobin suna fitowa kamar ba tsari. Shi da kansa ya san hanyar tana da aibi, domin takan faɗa cikin sifili ko ta riƙa zagaye a wuri ɗaya, har ya taɓa yin barkwanci cewa duk mai neman lambobin ƙuri'a ta hanyar lissafi yana cikin zunubi. A 1955 kuma cibiyar RAND a Amurka ta buga littafi guda wanda babu komai a cikinsa sai lambobin ƙuri'a miliyan ɗaya da danginsu, masu bincike suna saye.

Wannan fa ba ƙaramar magana ba ce, ita ce juya tukunyar da na ambata. A shekarun 1960 an yi ta amfani da wani tsari mai suna RANDU a kwamfutocin IBM. Daga baya aka gano cewa idan ka ɗauki lambobinsa uku-uku ka zana su a matsayin ɗigo a cikin akwati, maimakon su cika akwatin, sai su jeru a kan shimfiɗa 15 kacal, tsakaninsu fili fetal. A 1992 wasu masana uku a Amurka suka gwada tsare-tsaren da kowa ya yarda da su a kan wani lissafin maganaɗisu wanda an riga an san amsarsa daidai, sai ga wasunsu sun ba da amsar da ta kauce. Da ba a san amsar tun farko ba, wa zai gane? Yau ɗaya daga cikin waɗanda aka fi amfani da su shi ne Mersenne Twister, wanda Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura 'yan Japan suka fitar a 1997, kuma shi ne ke aiki idan ka nemi lambar ƙuri'a a Python.

Kwaikwayon yana da amfaninsa. Lambar farko da aka fara da ita ana ce mata iri. Idan ka ba wani irin da ka yi amfani da shi, zai samu jerin lambobinka sak, ya maimaita aikinka ya duba ko ka yi daidai.

Daga Janiba zuwa Zariya

A cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, kusa da Janiba, akwai ramin zobe mai tsawon kilomita 27 inda ake haɗa ƙwayoyin furoton karo. A ranar 4 ga Yuli, 2012 aka sanar da gano ƙwayar Higgs. Ita wannan ƙwayar, a cikin karo sama da biliyan ɗaya ake samun ta sau ɗaya, kuma nan take take rushewa, ɓurɓushinta kawai ake gani. Kafin a ce an ga sabon abu, dole a san yadda na'ura za ta nuna idan babu shi. Saboda haka ake ƙirƙirar karo na kwaikwayo masu ɗimbin yawa da manhajoji irin Pythia, sannan manhajar Geant4 ta bi kowane ɓurɓushi cikin na'urar taki-taki da ƙuri'a, kamar yadda muka bi niyutiron. Daga nan a kwatanta da abin da aka gani a zahiri.

A asibiti ma haka. Idan za a harba wa ƙari haske mai ƙarfi don a kashe ƙwayoyin cutar daji, hasken ba ya ratsa ƙashi da huhu da tsoka iri ɗaya. Idan ya gaza, cutar ta tsira. Idan ya zarce, a lalata lafiyayyen wuri. Ana ɗaukar hoton cikin jikin majiyyaci, kwamfuta ta bi miliyoyin ƙwayoyin haske a cikinsa, ta nuna inda kowane kaso zai sauka. A wannan fannin Monte Kalo ce ma'aunin da ake gwada sauran hanyoyin lissafi da shi.

Kada ku ce duk wannan na Turai ne. A Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike mai suna NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kimanin kilowat 30. Da ita ake gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da sauran samfura. Da farko tana aiki ne da yuraniyom da aka tace har kimanin kashi 90 cikin 100, irin wanda duniya ke tsoron ya faɗa hannun da bai dace ba. Aka yanke shawarar a canza shi da wanda aka tace zuwa kimanin kashi 13. Amma kafin a taɓa komai sai an amsa tambayar nan tamu: da sabon makamashin, kowane niyutiron nawa zai bari a bayansa? Masanan cibiyar tare da takwarorinsu na cibiyar Argonne ta Amurka sun yi wannan lissafi da MCNP, manhajar Monte Kalo ta Los Alamos, jikanyar aikin Ulam da von Neumann. A 2018 aka yi canjin, aka mayar da tsohon makamashin Sin. Gana ma ta yi irin wannan canji a tata na'urar a 2017.

Abubuwa biyu kafin mu rufe

Na farko, Monte Kalo ba ta gyara ƙarya. Idan alƙaluman da ka ba ta na yiwuwar tsalle da haɗiya da tsagewa ba daidai ba ne, ko sau tiriliyan ka jefa ƙuri'a, amsar banza za ka samu, sai dai ta fito da kwalliya. Kuma duk wanda ya kawo muku sakamakon irin wannan lissafi bai faɗi iyakar kuskurensa ba, ku tambaye shi, domin aikinsa bai kammala ba.

Na biyu, sunan ne kawai ya fito daga gidan caca, amma lissafin yana tona asirin cacar. A teburin nan mai juyawa na Monte Kalo akwai gurbi 37, daga 0 zuwa 36. Idan ka canki lamba daidai, ninki 35 ake biyanka. Wato a wasa 37, a matsakaici za ka ci sau ɗaya ka samu 35, ka faɗi sau 36. A kowace 100 da aka zuba, gidan yana riƙe 2.7. Mai wasa gwaji ɗai-ɗai yake yi, yau ya ci gobe ya faɗi. Gidan kuwa yana buga miliyoyin wasanni, kuma mun ga abin da ke faruwa idan gwaji ya yi yawa: matsakaicin ne ke tabbata. Manhajojin cacar ƙwallo da suka cika wayoyin samarinmu a kan wannan ginshiƙin suke, an riga an cire rabon kamfani a cikin farashin kafin ka danna.

Ga aikin gida. Buɗe Excel ko Google Sheets, ko a waya ne. A gurbi biyu na layin farko rubuta =RAND(), kowanne zai ba ka lamba tsakanin 0 da 1. A gurbi na uku, ninka kowace lamba da kanta ka tara su. Idan jimillar ba ta wuce 1 ba ka sa 1, idan ta wuce ka sa 0. Ja shi ƙasa layi 100, ka tara gurbi na ukun, ka raba da 100, ka ninka da 4. Sannan ka maimaita da layi 1,000, da 10,000 idan wayar za ta ɗauka. Ku turo mana abin da kuka samu a kowanne, mu haɗa na kowa wuri guda mu ga yadda zai matso kusa da 3.1416.

Wanda ya ƙaru ya tura wa abokinsa, musamman ɗaliban fiziks da lissafi da injiniya.